Yadda ake ziyartar 'yan uwa a Torino, da yadda ake zaman gidan bene a Italiya

Ina zaune a Torino, birnin da ke arewa maso yammacin Italiya a gindin duwatsun Alps, inda aka kafa kamfanin motoci na Fiat a 1899. Gidanmu yana unguwar Barriera di Milano, hawa na uku na wani tsohon bene, ɗakin kwana biyu da ɗan falo da ya haɗe da kicin. Sau biyu ina karɓar baƙi daga gida. Inna ta zo mini zaman jego cikin sanyin Nuwamba, daga baya yayana ya zo ya yi mako uku. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma haka ne, sai dai a nan duk abin da baƙo ya yi da sunan mai masaukinsa ake rubutawa: a ofishin 'yan sanda, a takardar kuɗin wuta, da a bakin makwabta. Kai za ka koma gida, shi ne zai ci gaba da haɗuwa da su a matakala kullum safiya. A kan wannan na tsara matakan nan.

Mataki na farko: ku yi magana a fili kafin a taɓa takarda

Kira ɗan uwanka ka tambaye shi ba kunya: ɗaki nawa ne, ina zan kwana, yaushe kake hutu, kwana nawa zai yi maka daidai? Gidajen hayar ma'aikata ƙanana ne. Babu zaure, babu tsakar gida, babu shagon samari da za a tura ka. Sau da yawa baƙo a kan kujerar falo mai buɗewa yake kwana, ko yara su bar masa ɗakinsu. In dattijo ne mai ciwon gwiwa zai zo, a tambaya ko akwai lif, don tsofaffin benaye da yawa ba su da shi.

Ni dai shawarata a zo tsakanin Afrilu da Yuni, ko a Satumba. A Disamba da Janairu sanyi kan sauka zuwa sifili, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe biyar. Agusta akwai zafi, kuma a makon 15 ga wata, hutun da suke kira Ferragosto, ƙananan shaguna da yawa a rufe suke.

Mataki na biyu: biza

Bizar gajeren zama ta yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, za ka nema, wadda iyakarta kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana nema ta ofishin jakadancin Italiya na ƙasar da kake zaune, ko cibiyar karɓar takardu da suka wakilta. A Najeriya suna da ofis a Abuja da Legas, akwai kuma a Yamai da Akara. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuma Yuro 45, ban da ladan cibiyar. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a tafi. Hukunci kan fito cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45, don haka kada ka bari sai ango ya sha mai.

Daga ɓangarenka: fasfo wanda zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar fitarka, mai shafi biyu da ba a buga komai ba, inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, ajiyar kujerar jirgi zuwa da dawowa, bayanan asusun banki, da shaidar abin da zai dawo da kai gida, kamar aiki ko kasuwanci ko iyali. Daga ɓangaren mai masauki: takardar gayyata da ya cike ya sa hannu, da kwafin katin izinin zamansa, wanda ake kira permesso di soggiorno. A haɗa da takardar da ke nuna dangantakarku. Ku duba rubutun sunaye harafi bayan harafi, don Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata kan jawo tambaya. Kuma ka faɗi gaskiya a kan komai, domin wanda ya gayyace ka ya sa hannu ne a madadinka.

Mataki na uku: jaka

Nan ne zuciya ke ɓaci, gara ka sani tun kana gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashenmu. Wato kilishi, dambun nama, soyayyen nama, man shanu, cuku, duk ba sa wucewa. In kwastan suka gani za su ƙwace su lalata, suna iya cin ka tara. Inna ta yi niyyar taho mini da man shanu saboda jego, sai da na yi ta ba ta haƙuri a waya. Busasshen kifi ko mai banda an yarda da shi har kilo 20, zuma har kilo 2. Ɗanyun kayan lambu da 'ya'yan itace suna buƙatar takardar lafiyar tsiro, in ban da 'yan kaɗan da suka haɗa da dabino da ayaba da abarba da kwakwa. Abin da zai faranta wa mai gida rai shi ne busassun kayan miya da aka daka: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa. A ƙulle daddawa leda biyu ko uku.

Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya taho da wanda zai ishe shi, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Ka zo da rufaffen takalmi. Rigar sanyi mai nauyi kuwa ka bari a samo maka a nan. Filogin Najeriya da Gana mai ƙafa uku masu faɗi ba ya shiga soket ɗin Italiya, sai da adafta. Tsabar kuɗi in ta kai Yuro 10,000 dole a bayyana wa kwastan.

Mataki na huɗu: sa'a 48 na farko

Mafi yawanmu a filin jirgin Malpensa na Milan muke sauka, daga nan bas ya kawo mu Torino cikin kamar sa'a biyu. Ka riƙe kwafin takardar gayyata da inshora da tikitin komawa a hannu, ba a cikin akwatin da aka auna ba, don ana iya tambaya a wurin shiga. Tun daga Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokin Shengen.

Takarda biyu ne mutane ke mantawa da su. Ta farko a wuyan mai gida take. Dokar shige da fice ta 1998 ta wajabta wa duk wanda ya saukar da baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, ko da uwarsa ce, ya sanar da hukumar 'yan sanda a rubuce cikin sa'a 48. Sunanta dichiarazione di ospitalità, kuma tarar ƙin yinta ɗaruruwan Yuro ce zuwa sama. Ta biyu taka ce, kuma ta danganta da hanyar da ka biyo. In ka canza jirgi a Istanbul ko Alƙahira ko Kasablanka, Italiya ce ƙasar Shengen ta farko da ka taka, shigarka ta wadatar. In kuwa ta Faransa ko Jamus ka fara shiga, sai ka je babban ofishin 'yan sanda, Questura, cikin kwana takwas ka bayyana zuwanka. Ku yi duk wadda ta hau kanku kafin a fara yawon gaishe-gaishe, ku ajiye kwafi.

Mataki na biyar: ƙofa da makulli

Gidan bene a nan ana kiransa condominio. Kowa da sashensa, amma matakala da lif da tsakar fili na kowa ne, akwai kuma wakili da ke kula da su, da rubutattun ƙa'idoji. A bakin babbar ƙofa akwai allon ƙararrawa mai ɗauke da sunayen iyali ko lambobi. Ka haddace na gidanku tun ranar farko, don babu yaro a ƙofar gida da za ka aika ya yi maka sallama. Hawan ƙasa shi ne T ko 0 a cikin lif. Fitilar matakala tana mutuwa da kanta bayan ɗan lokaci, sai ka sake dannawa. Ƙofofi da yawa in suka rufe ba sa buɗuwa ta waje sai da makulli, saboda haka ko shara za ka zubar ka sa shi a aljihu. Kada ka buɗe wa wanda ba ka sani ba, ko ya ce daga kamfanin gas yake.

Mataki na shida: banɗaki

Zan daɗe a nan domin a nan na ga abin da ya fi damuna. Banɗakin Italiya ba shi da maguji a ƙasa. Ruwan da ya zuba a daɓe ba inda zai bi sai tsakanin tayil, kuma daɓenka shi ne rufin wani. Inna ta saba da wanka irin na gida, ta ajiye bokiti da 'yar kujera a tsakiyar banɗaki ta yi ta sheƙa mini ruwan zafi safe da yamma. Ni kuma ga jiki ba ƙwari, ban kula ba. Bayan kamar mako guda tsohuwar da ke ƙasa da mu ta hawo ta ƙwanƙwasa, ta ja maigidana ya je ya gani: silin banɗakinta ya yi tabo mai faɗin faifai, fenti ya fara ɓarewa. Mu muka biya gyara. Inna ta ji nauyin abin ƙwarai, ta ce, "'Yar nan, da kin faɗa mini ai da ban yi ba." Gaskiya ta faɗa, alhakin faɗar a kaina yake.

To ga yadda ake yi. Wanka a cikin bahon wanka ko akwatin shawa kaɗai, a ja labule ko ƙofar gilashi. In da bokiti za a yi, bokitin ma ya shiga ciki. Don tsarki akwai wani ɗan baho gajere kusa da masai mai suna bidet, wanda dokar gini ta 1975 ta sa yake a kusan kowane gida. Yana da famfon zafi da na sanyi, ya fi buta sauƙi, kuma a cikinsa za ka wanke ƙafa in kana alwala. In ruwa ya ɗiga, a goge nan take. Kada a jefa ƙunzugun yara ko audugar mata ko ragowar tuwo a masai, domin bututu ɗaya ne ya haɗa gidajen da ke jere daga sama har ƙasa. In tankin lantarki ne ke dafa ruwan gidan, ka sani yana ƙarewa, ka bar wa mai fita aiki da asuba rabonsa.

Mataki na bakwai: wuta, ɗumi da turare

Ba a cika ɗauke wuta ba, amma yawancin gidaje kilowat 3 suka yi yarjejeniya da kamfani. Injin wanki in yana dafa ruwa yana jan kusan 2, dutsen guga ma haka, butar lantarki ma haka. Ka haɗa biyu a lokaci guda, mita na iya katse wutar gidan gaba ɗaya, kuma a tsofaffin benaye mitar tana can ƙasa, sai an sauka an ɗaga ta. Ka tambaya kafin ka jona abu mai zafi.

Ɗumama gida ma da ƙa'idarta. A yankin da Torino take, lokacin kunnawa daga 15 ga Oktoba ne zuwa 15 ga Afrilu, sa'a 14 a rana, zafin ɗaki kuma kamar digiri 20. Ga wanda ya fito daga Kano ko Maradi wannan sanyi ne. Maganinsa sutura: riga a kan riga, safa, bargo. In ka murɗa na'urar ɗumin da ke jikin bango har ƙarshe, akwai ɗan ma'auni a jikinta da ke lissafawa, mai gida zai gani a takarda. Duk da sanyin, a buɗe tagogi minti biyar zuwa goma kowace safiya, musamman bayan girki da shanya a ɗaki, in ba haka ba bango ya yi baƙar funfuna, mai gidan haya ya cire a kuɗin ajiya.

Sai magana mafi girma: kada a hura gawayi a cikin gida, ko don jin ɗumi, ko gashi, ko turaren wuta. Tagogin nan ba sa barin iska ta ratsa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji ciwon kai da barci, ya kwanta bai tashi ba. Duk hunturu ana kai mutane asibiti a Italiya saboda wannan, wasu ma ba sa kaiwa. 'Yan uwana mata, ku bar kaskon gawayi a gida, a sayi na lantarki, a sa turare kaɗan, a rufe ƙofar shiga don kada hayaƙi ya cika matakala.

Mataki na takwas: makwabta

Ƙa'idojin kowane bene suna da lokutan shiru, galibi bayan abincin rana, da kuma daga ƙarfe goma na dare zuwa safiya. Muryarmu ta hira, wadda a tsakar gida ba komai ba ce, a nan tana ratsa bango. Kiran bidiyo da mutanen gida a yi shi da rana, a cire shi daga lasifika. Ba a daka a turmi a kan daɓe, ba a jan kujera da dare, yara ba sa tsalle-tsalle a falo. In ka tashi sallar asuba ka taka a hankali, ka rage sautin karatu. A baranda ba a kakkaɓe darduma ko shanya kaya suna ɗiga a kan na ƙasa. Takalma ma a cikin gida ake ajiye su, ba a bakin ƙofa ba.

Gaisuwa kuwa ba mu da na biyu a kanta, sai ka yi amfani da ita. Buongiorno da safe, buonasera da yamma, grazie don godiya. Ciao ta abokai ce da yara, ba a yi wa dattijo ita. Tsohuwar nan da silinta ya ɓaci, kullum Inna ta gan ta sai ta ɗan rusuna ta ce "Buongiorno, signora." Kafin Inna ta koma, matar ta saƙa wa jaririna hula ta kawo da kanta.

Mataki na tara: shara

Ba a haɗa shara wuri guda. Ragowar abinci daban, takarda da kwali daban, roba daban, kwalba da gwangwani daban, sauran tarkace daban. A wasu unguwannin kwandunan suna tsakar filin bene, a wasu suna bakin titi kuma da kati ake buɗe su. In an cakuɗa, ana iya cin bene gaba ɗaya tara, kuma kowa ya san gidan da aka yi baƙo. Man da aka yi suya da shi a zuba a gora a kai inda ake tarawa, kada a tuttule shi a wurin wanke-wanke.

Mataki na goma: cefane

Ka sa a kai ka Porta Palazzo, babbar kasuwar fili da ke dandalin Piazza della Repubblica. Tram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba 4 yana bi ta nan daga unguwarmu. Tana ci da safe zuwa bayan azahar, ranar Asabar har yamma, Lahadi ba ta ci. A kewayenta akwai mahautan halal, yawancinsu 'yan Maroko da Masar, da shagunan da ake samun doya, manja, garin rogo da attaruhu. A manyan kantuna ana sa safar hannu ta leda kafin a taɓa kayan lambu, a wasu kai za ka auna ka manna farashi. Ka karɓi rasit ko da burodi ɗaya ka saya.

Ka rubuta waɗannan kalmomi a wayarka: maiale da suino alade ke nan, prosciutto, pancetta, salame, mortadella, speck da guanciale duk namansa ne in ba an rubuta wani abu daban ba. Wadda ta fi ɓuya ita ce strutto, kitsen alade, da ake sawa a wasu burodi da kayan gashi, har da wasu grissini, siraran sandunan burodin da Torino ta yi suna da su. Vino da liquore giya ce, kuma tana shiga wasu kek da alewar cakulan. Ruwan famfo ana sha, haka na korayen famfunan titi masu kan bijimi da ake kira toret.

Mataki na sha ɗaya: fita gari

Fasfo ya kasance tare da kai, don 'yan sanda suna da ikon tambaya. Tikitin bas da tram ana sayensa a shagunan da ke da babban harafin T a ƙofa, kuma yana aiki minti 100 daga lokacin da ka taɓa shi a na'urar cikin mota. Tikitin da ba a taɓa ba daidai yake da babu in masu dubawa suka hau. Ba a kiran salla a lasifika, sai ka dogara da jadawali ko waya. Alƙibla tana kudu maso gabas. A Yuni magariba kan wuce ƙarfe tara na dare. Akwai masallacin Taiba a titin Chivasso, akwai wani a titin Saluzzo kusa da tashar Porta Nuova, sallar idi kuma a Parco Dora ake yi, ƙarƙashin rumfar tsohuwar masana'antar ƙarfe. Lambar gaggawa 112 ce, kantin magani kuma yana da koren gicciye. In zazzaɓi ya kama ka, ka gaya wa likita daga ƙasar maleriya ka zo, domin ba ita za su fara zato ba. Asibitin Amedeo di Savoia ne ya ƙware a irin waɗannan cututtuka.

Mataki na ƙarshe: zama da komawa

Za ka wuni kai kaɗai sau da yawa. Mai gida ya fita tun duhu, yara suna makaranta, ba mai leƙowa ya ce ina kwana. Kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Yayana ya sha wahalar wannan a makon farko, sai ya ɗauki nauyin raka yara makaranta da zuwa kasuwa, gari ya buɗe masa, mu ma muka samu sauƙi. Ka yi cefane ko sau ɗaya a mako ba sai an roƙa ba. Ka rage jerin tsarabar da aka ba ka daga gida, domin albashin da ake juya shi zuwa Naira ko Sefa ya yi yawa a ido, haya da wuta da gas sun riga sun cinye fiye da yadda ake zato. Bizar ziyara ba ta aiki ba ce, kada wani ya ja ka.

A kan takardar bizar akwai abu biyu: ranar da za ta ƙare, da adadin kwanakin da aka ba ka. Wanda ya riga cika shi ne iyakarka, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Wuce wa'adi yana rufe maka ƙofa, yana kuma ɓata gayyatar da ɗan uwanka zai yi wa wani gobe. Ka sa ranar tafiya da saura kwana biyu ko uku a hannu saboda yajin aikin jiragen ƙasa ko soke tashi. Daren ƙarshe ka auna akwatunanka, ka sauka ka yi wa makwabtan da kuka saba sallama da arrivederci, ka miƙa wa mai gida makullinsa da katin shara kafin ku kama hanyar tasha.